Momo Zelma da Kiɗan Clovis

"...ko yau ma ba a amsa gaisuwar samari ne? Sannu da gida, budurwata. Tun daga bakin titi nake danna oda, har karen maƙwabta ya amsa mini, ke shiru."

Momo Zelma ba ta ji shigowarsa ba. Inuwa ta gani ta gifta a jikin firij, ta waiwayo da ludayi a hannu, sai ga Trevon, ɗan 'yarta Yolanda, ya cika ƙofar kicin da kayan aiki a jikinsa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ta tsura wa bakinsa ido. Dabarar da ta koya ke nan a 'yan watannin nan: in ta kalli leɓen mutum takan kama rabin maganarsa, sauran rabin kuma ta cike gurbinsa da zagi. Har yau babu wanda ya gane a duk garin Opelousas, don dama an san ta da baki.

"Au, kai ne. Na ga kicin ya yi duhu, na ce ko hadari ne ya taso, ashe kanka ne ya tare ƙofa."

"Kan nan fa gado ne, Momo. An ce a wajenki na ɗauko."

"Ƙarya ake yi mini. Ranar da aka haife ka sai da likita ya kira 'yan kwana-kwana su taya shi. Ina wurin, da idona na gani."

"Shi ya sa kika maƙale mini tun daga ranar. Me aka dafa wa maigida?"

"Maigidan da bai taɓa kawo cefane ba? Miyar gumbo ce, kuma ba da kai aka auna shinkafar ba."

Kafin ta rufe baki ya riga ya ɗauko kwano ya buɗe tukunya. Ta kai masa duka da tsumman hannu, ya goce, ya zuba miyar har tana neman malala, ya zaɓo cinyar kaza mafi girma, ya ja kujerar da kakansa Alcide ke zama a kai tun yana raye. Ita ma ta zauna, ta zaɓi inda hasken taga ke dukan fuskarsa.

"Ƙato da kai, ka haura talatin, babu mata babu tukunya," in ji ta. "Duk 'yan matan garin nan sun duba sun ce a'a."

"Ke kika kore su. Duk wadda na kawo sai ki ce hancinta ya karkace."

"To ba karkacewa ya yi ba?"

"Na ƙarshen kam ya ɗan karkace," ya ce, ya kai loma. Sai da ya cinye rabin kwanon sannan ya goge hannu a wando, ya zaro wasu 'yan takardu biyu daga aljihun gaba, ya tura mata a kan tebur. "Ki wanke rigarki ta zuwa coci. Asabar da la'asar zan fito da ke zance."

Ta ɗauki gilashinta ta maƙala. Tikitin shiga ne, na rawa a zauren coci. A sama an rubuta sunan makaɗin da manyan baƙaƙe: Clovis Rideau.

Ta daɗe tana kallon sunan. Clovis ne ya yi kiɗa ranar aurenta, yana saurayi siriri, akodiyan ɗinsa, akwatin kiɗan nan da ake buɗewa ana matsewa, ya fi ƙirjinsa faɗi. A lokacin daga shi sai ƙaninsa mai ƙarzar allon ƙarfe da cokula, amma in suka ɗauki kiɗa har masu rabon abinci sai sun ajiye faranti. Ita da Alcide sun bi shi gari-gari, daga Eunice har Lake Charles, suna rawa sai takalmi ya huje. Daga baya zamani ya juya, Clovis ya ɗauko mai ganguna da mai jita ta lantarki, irin mai kaurin muryar nan da ke sa gilashin taga rawa. Ranar da Zelma ta fara ji, a tsakiyar fili ta saki hannun mijinta, ta ɗauki jakarta ta fice. Ta ce an kashe zaideko, kiɗan rawarsu na gado, kuma ita ba ta zuwa rawa a kan kabari.

Ta ture tikitin da ɗan yatsa.

"Wannan tsohon bai mutu ba?"

"Yana nan. Ke yake jira."

"Sai ya bushe. Kuma kai yaushe ka fara jin kiɗan Clovis? Ba kai ne ka ce akodiyan ɗinsa kamar ana matse tsohuwar agwagwa ba?"

"Har gobe ina kan bakana. Agwagwa ce, mai asma ma kuwa."

"To ina yaron nan naka, mai sarƙa kamar ta ɗaure jirgin ruwa?"

"Remy Jolivette. Ki riƙa kiran sunansa da ladabi, Momo."

"Shi. Wanda kiɗansa kamar injin wanki ya haɗiye takalmi. Ranar da ka sa mini shi a mota sai da haƙorin robana ya kwance."

"Haƙorin dama ya gaji da yawan surutu, hanyar gudu yake nema." Ya yi dariya, ya ɗan sosa ƙeya. "Remy ma Asabar ɗin yake wasa a Lafayette. Na sayi tikitinsa tun bazara. Na bai wa abokina Deshawn."

Wannan ta kama shi sarai, don a hankali ya faɗa. Ta san yadda yaron nan yake da Remy. Ya taɓa tuƙa mota har Dallas saboda shi, ya dawo murya a dishe, ya kwana biyu yana magana da hannu.

"Kai da hankali ba ku taɓa zama unguwa ɗaya ba," in ji ta. "Ka bar wanda kake so, ka sayi na wanda kake zagi?"

"Ai na yi lissafi ne. Bara ba na je babban filin ƙwallon nan na Houston ba? Duk gari ana cewa wanda bai je ba bai zo duniya ba. Na je. Mawaƙin da na biya don in gani, daga inda nake zaune bai fi tururuwa ba. A majigi na kalle shi, kamar ina falon gidana, sai dai a gidana babu mai zuba mini lemo a wuya. Tun daga nan na kafa wa kaina doka."

"Mu ji dokar mai ƙaton kai."

"In makaɗi yana da sauran gwiwa, zai dawo baɗi, ana iya jiransa. Remy yaro ne, zai yi ta fasa mana kunne har mu tsufa. Shi kuwa Clovis ya ba tamanin baya. Ƙarshen watan nan 'yarsa za ta zo ta tafi da shi Oakland. Wannan ne na ƙarshe, Momo. Fada ma ya faɗa a coci ranar Lahadi, kina zaune a layin gaba."

Tana zaune kuwa. Ta ga bakin Fada yana motsi, ta ga mutane suna girgiza kai, ita ma ta girgiza nata.

"Ni ma ina da tawa dokar," ta ce, ta miƙe ta koma wajen tukunya don kada ya ga fuskarta. "Kuma ta girmi uwarka. Kiɗa in bai kai ba, bai kai ba."

Dokar ta daɗe, gaskiya ne. Bayan ta yi fushi da Clovis, ba shi kaɗai ta daina zuwa ba. Duk Asabar Alcide zai goge farar rigarsa, ya shafa turare, ya tsaya a ƙofar nan ta kicin ya ce, "Zel, wane yana wasa a wuri kaza." Ita kuwa ba ta rasa dalili. Wannan ta hanci yake waƙa. Wancan mai gangarsa sauri yake yi kamar an biyo shi. Wancan zauren daɓensa yana kama takalmi. Kunne gare ta, kowa ya sani, takan ji kuskuren da makaɗin da kansa bai ji ba, kuma tana alfahari da haka. Ta yi ta zaɓe, tana jiran wanda ya isa ta fita dominsa. Da farko Alcide yana tafiya shi kaɗai. Daga baya ya ce ba girmansa ba ne ya riƙa rawa da matan mutane, sai ya daina. Ya koma zama a baranda da rediyo a cinya, ƙafarsa tana buga daɓe. Ko sau ɗaya bai taɓa yi mata ƙorafi ba. Da ya yi, da sun yi faɗa, da wataƙila ta huce ta bi shi. Bai yi ba, har aka kai shi makwancinsa da farar rigar.

Tana juya miyar da ba ta buƙatar juyi, sai ta ji hannu a kafaɗarta. Ta zabura. Trevon ne a tsaye, fuskarsa babu wasa. Ya miƙa hannu ya danna ɗan agogon da take saitawa in ta sa burodin masara a murhun gashi, sannan ya buɗe murhun. Hayaƙi ya turnuƙe. Ya janyo farantin da tsumma, burodin ya yi baƙi a gefe.

Ya tsaya daidai gabanta, ya yi magana a hankali.

"Tun da na zauna agogon nan yake kuka, Momo. Kuma yanzu ina bayanki na ce miki miyarki ba gishiri, ba ki jefe ni da komai ba."

"Ƙyale ka na yi."

"Ba ki taɓa ƙyale ni ba tun ina cikin zani."

Ta koma ta zauna. Ta cire gilashin, ta goge shi da gefen riga, ta sake mayarwa.

"Kada ka gaya wa Yolanda. Za ta kwashe ni ta kai Houston, ta ajiye ni a ɗaki kamar tukunyar fure."

"Tun yaushe?"

"Tsuntsaye ne suka fara tafiya. Na ce ko sun ƙaura ne. Sai wayar tarho. Na je asibiti ni kaɗai, suka ba ni na'urar sawa a kunne, tana nan a durowa. Magana takan ɗan taimaka. Kiɗa kuwa, kamar an zuba cokula a gwangwani ana girgizawa. Likitan ya ce jijiyar ce ta gaji, kuma ba gaba take yi ba, baya take yi." Ta gyara zama. "Watan jiya na ɗauko faifan Clovis, na farkon, wanda daga shi sai ƙaninsa. Na ɗora a garmahon kakanka. Faifai yana juyawa, ni ina jira a fara. Na ɗaga allura na sake sawa. Na bubbuga akwatin. Ina cikin zagin garmahon sai ga maƙwabciyata Lorna ta leƙo ta taga, wai in rage ƙara jaririnta yana barci."

Trevon ya matso. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya ɗauki gefen burodin da ya ƙone ya gutsura, ya tauna, ya ɓata fuska, ya sake gutsura. Can ya ce:

"Kenan duk zagin da nake yi miki a waya ba ya isowa?"

"Ko ɗaya."

"Kai, an cuce ni. Akwai wani da na yi miki ranar Talata, a kan hular gashinki. Kwana na yi ina shirya shi."

"Ajiye abinka, ka yi wa matarka in ka samu mai karkataccen hancin da za ta yarda."

Ta yi 'yar dariya. Ta ja tikitin gabanta da yatsa biyu.

"To ka ji. Me zan je in yi? In zauna ina kallon tsoho yana buɗe akwati yana rufewa? Lokacin da nake da kunnen da ya fi na kowa a garin nan, na zauna a kicin ɗin nan ina yi wa makaɗa maki. Kakanka yana baranda da rigarsa a goge. Yanzu da babu shi, babu kunnen, shi ne zan ɗauki jaka?"

"Kin gwada zaman gida da kunne, bai yi miki rana ba. Ki gwada fita babu kunne, ko za a dace."

"Ji bakinsa. Wa ya koya maka rashin kunya?"

"Wata tsohuwa ce mai gumbo ba gishiri."

Wannan karon ta jefe shi da tsumman, ya same shi a goshi.

"Ba zan je ba."

"Shi ke nan. Sai in tafi da Madam Ernestine. Ta daɗe tana kashe mini ido a coci."

"Ernestine? Ciwon ido ne da ita, ba kai take kashe wa ba. Kuma rawarta kamar ana tura firij."

"Amma tana fita."

Momo Zelma ta harare shi ta saman gilashi. Ta ɗauki tikiti ɗaya, ta juya bayansa, ta juya gabansa, ta tura shi ƙarƙashin kwalbar sukari.

"Zan je in ga yadda ya tsufa ya yi muni. Shi ke nan abin da zai kai ni. Kuma in ka zo da wandon nan naka mai zamewa, a baranda za ka kwana."

Ranar Asabar tun rana na tsaka ta gama shiri. Rigar ruwan ɗorawa ta ɗauko, wadda ta daɗe a ƙasan akwati, ta goge ta da kanta. Da motar Trevon ta tsaya, sai ta yi maza ta ɗauki butar ban ruwa ta tsaya a kan furanninta.

"Wannan kwalliyar duk ta furanni ce?" in ji shi.

"Su sun san daraja. Kai kuma wa ya ara maka taye?"

"Na kakana ne. Ke kika ba ni."

"Shi da wuya aka halicce shi. Buɗe mini ƙofa."

Zauren ya cika kafin su isa. An jera tebura a gefe, an bar tsakiya fili, ƙamshin soyayyen kifi yana tasowa daga kicin ɗin baya. Sa'o'inta, waɗanda suka rage, suka riƙa juyowa suna taɓa juna. Ta ga bakin Ernestine ya ce, "Zelma, ke ce a wurin rawa?" Ta ce mata, "A'a, fatalwata ce," ta wuce. Trevon ya ɗauko kujera ya dasa mata a gaba, dab da wata ƙatuwar lasifika da ta kusa kai tsayinta.

"A nan za ka ajiye ni, kamar mai gadin kaya?"

"Zauna dai, budurwata. Ki taka daɓen sosai."

Aka shigo da Clovis yana dogara sanda, wata yarinya da ta ɗebo kamanninsa tana riƙe da gwiwar hannunsa. Ya rame, kunnuwansa sun yi masa yawa. Aka zaunar da shi, aka ɗora masa akodiyan a cinya, aka ɗaura masa maɗaurin kamar ana shirya yaro zuwa makaranta.

Ya buɗe akwatin. Mutane suka tashi.

Ba ta ji ba. Ta san ba za ta ji ba, amma duk da haka ta karkata kai, ta jira, kamar yadda ta jira a gaban garmaho. Babu komai sai wani gunji daga nesa, kamar jirgin ƙasa yana wucewa a wata unguwa. Ta kalli yatsunsa. Sun kumbura a gaɓoɓi, amma suna tafiya, kuma ta gane inda suka nufa. Kiɗan da ya yi musu ne suna sabon aure, wanda Alcide ke juya ta sau biyu a ƙarshen kowane baiti. Tana ganinsa a yatsun mutumin kamar tana karanta rubutu.

Sai mai jitar lantarki ya shigo, mai kaurin muryar. Abin ya taso daga daɓen katako, ya bi tafin ƙafarta, ya hau gwiwa, ya zauna mata a ƙirji yana bugawa. Jitar nan da ta saki hannun mijinta a tsakiyar fili saboda ita. A duk kayan kiɗan zauren, jitar kaɗai ce ta iso wajenta.

Ta daɗe a zaune, jakarta a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Trevon ya sunkuyo ya sa fuskarsa a gabanta.

"Kuka kike yi?"

"Hayaƙin kifi ne. Tashi, kana tare mini tsoho."

"Ko za a taimaka wa maraya da rawa ɗaya?"

"Kai ba maraya ba ne, marar mata ne. Kama nan. Ba nan ba, nan. Wayyo ƙafata. Kai, da kofato aka haife ka?"

"Ke ce kike sauri."

"Ni nake kan kiɗa, kai kake neman hanya. Kurma tana koya wa mai kunne rawa, ka ji kunya."

Ya taka ta ya fi a ƙirga. Amma da yatsun Clovis suka gangaro ƙarshen baiti, ta ɗaga hannunsa da kanta ta juya, ta sake juyawa, rigar ta buɗe. Da ta dawo, kafaɗar da ta dafa ta fi wadda ta saba tsayi, turaren ma ba na Alcide ba ne. Ta runtse ido ta ci gaba. Asabar nawa ke nan ta zubar? Ta fara lissafawa, ta ga ba za ta iya ɗaukar amsar ba, ta bari.

Da aka tafi hutu, ta ja Trevon har gaban dandali. Clovis yana shan ruwa. Ya ɗago, ya ƙanƙance ido, sai fuskarsa ta washe.

"Zelma matar Alcide. Mai jar jaka. Har yau ina ganin bayanki kina fita."

"Ka tsufa, Clovis. Ka yi muni."

"Na gode, na gode," in ji shi, yana gyaɗa kai. "Ke ma haka."

Yarinyar da ke kusa da shi ta nuna kunnenta, ta girgiza kai. Trevon ya juyo ya maimaita wa kakarsa abin da yarinyar ta ce: shekarun da tsohon ya yi a gaban lasifika sun cinye masa kunne, yanzu da ƙafa yake bin mai ganga.

Zelma ta tsaya tana kallon Clovis, shi ma yana kallon bakinta, irin kallon da ta sani. Ta matsa kusa, ta dafa akodiyan ɗin. Ba ta san ƙarfin muryarta ba.

"Clovis, babu kamarka. Ko da jitar, ko babu ita. Ni ce ban da wayo. Na hana kaina, na hana bawan Allahn nan, kuma kullum kai yake so mu zo mu gani."

Clovis ya saurara da dukan fuskarsa. Ya yi murmushi, ya kama hannunta ya jijjiga.

"Ƙwarai kuwa," in ji shi. "Da kifi da salak. A baya ake sayarwa, ki ce ni na aiko ki."

Aka zo aka tashe shi zai je ya huta. Ta bi bayansa da kallo har labule ya rufe. Trevon ya taɓa ta, ta juyo.

"In bi shi in faɗa masa da ƙarfi? Ko in rubuta masa?"

Ta girgiza kai.

"Bar shi. Lokacin da yake ji ban faɗa ba."

Suka koma kujerarsu. Ta zauna ta cire takalmi ɗaya tana murza yatsun da ya tattake. Trevon ya tsuguna a gabanta, kuma tun kafin ya yi magana ta ga shaƙiyancin yana taruwa a gefen bakinsa.

"Momo, kin ce babu kamarsa."

"Ban ce ba."

"Ko da jitar, ko babu ita."

"Mafarki ka yi."

"Kin kuma ce ba ki da wayo. Wannan kam tun ina firamare nake jiran ranar da zan ji shi. Gobe bayan coci zan tsaya a bakin ƙofa in sanar. Da Madam Ernestine zan fara."

"Wa zai yarda da kai? Shi bai ji ba, ni ban ji ba. Shaidarka ɗaya, kuma kowa ya san kan nan naka iska ce a ciki."

"Zan rantse."

"Ka rantse ka yi aure bana, ka yi?"

Ita ce ta fara fashewa da dariya, ta yi ta yi har ta dafa kafaɗarsa, har hawayen da ta ɗora wa hayaƙin kifi suka samu hanyar fita. Ta buɗe jakarta ta lalubo wani ƙulli a takarda mai maiƙo. Alewar madara ce da ƙwayar pikan mai kama da gyaɗa, wadda ta daina yi tun rasuwar Alcide. Da asuba ta tashi ta dafa.

"Na faɗa. Ka ci nasara, ɗan nema. Ungo, toshe bakinka da wannan." Ta cusa masa ƙullin a hannu, ta mayar da takalminta, ta gyara zama tana fuskantar dandali. "In tsohon ya dawo ka taɓa ni. Kada a fara ban sani ba."